Yadda Ake Tattara Tarihin Gidan Talabijin na Jiha Tun Shaidu Suna Raye

Wata rana na je wani gidan talabijin neman kaset ɗin bikin kamun kifi na Argungu na wata shekara da ta daɗe da wucewa. Ma'ajin ɗakin kaset ya duba littafinsa, ya taka kujera, ya sauko mini da shi, ga sunan bikin a jikinsa da rubutun hannun wanda ya ɗauka. Da muka sa shi cikin na'ura sai ga taron rabon takin zamani, domin an riga an naɗi wani abu a kansa a wani lokaci da gidan ya rasa kuɗin sayen sabon kaset. Ban ga laifin ma'ajin ba, ban kuma ga laifin wanda ya naɗa ba, tun da labaran dare ba sa jiran kowa. Amma tun daga ranar na tabbata cewa duk mai son rubuta tarihin gidan talabijin na yanki mai kasuwanci a Jihar Kebbi, ko ɗalibi ne mai aikin kammala karatu, ko tsohon ma'aikaci, ko ɗan jarida, bai kamata ya jinkirta ba, kuma bai kamata ya dogara ga abin da gidan ya adana kaɗai ba.

Abin da nake nufi da gidan talabijin na yanki mai kasuwanci shi ne tashar da ke yi wa jiha ɗaya ko ɓangaren ƙasa ɗaya aiki, tana kuma sayar da lokacinta ga masu talla da masu ɗaukar nauyin shiri, ko mallakar gwamnati ce ko ta ɗan kasuwa. Wannan sayar da lokaci shi ne zaren da za ka riƙe tun daga farko har ƙarshe, domin wanda ya biya kuɗin lokaci shi ne yakan yanke abin da jama'a suka kalla.

Kafin ka ƙwanƙwasa ƙofar kowa, zauna ka san asalin talabijin a ƙasar nan, don kada ka ɓata wa dattawa lokaci da tambayar abin da ke rubuce. Talabijin a Nijeriya daga yankuna ta faro, kuma da talla ta faro. Gwamnatin Yankin Yamma a ƙarƙashin Obafemi Awolowo ta buɗe gidan talabijin na WNTV a Ibadan ranar 31 ga Oktoba, 1959, da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila. Yankin Gabas ya bi sahu a Enugu a 1960. A Arewa kuwa, gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kamfanin watsa shirye-shirye na BCNN tare da kamfanonin Granada da EMI, kuma rediyo da talabijin na Kaduna suka fara aiki a watan Maris na 1962. Shi kansa Granada gidan talabijin ne na yanki mai rayuwa da kuɗin talla, wanda ya fara watsa shirye-shirye daga birnin Mancesta ga mutanen arewacin Ingila a 1956, saboda haka tsarin da aka kawo Kaduna tsari ne na masu sayar da lokaci tun asali. Daga baya gwamnatin soja ta fitar da Doka ta 24 ta 1977 wadda ta kafa hukumar talabijin ta ƙasa, NTA, ta haɗiye dukkan gidajen talabijin na jihohi, aka kuma mayar da ranar fara aikin dokar baya zuwa Afrilun 1976. Tsarin mulkin 1979 ne ya sake buɗe wa jihohi ƙofa, shi ya sa gwamnoni irin su Abubakar Rimi a Kano suka kafa nasu gidajen. 'Yan kasuwa kuwa sai da suka jira Doka ta 38 ta 1992, wadda ta kafa hukumar ba da lasisi ta NBC, sannan aka ga tashoshi masu zaman kansu kamar DITV a Kaduna.

A nan akwai tarko guda da ya kama ɗalibai da yawa. Haruffan NBC suna nufin abu biyu daban. A tsofaffin takardu na shekarun 1960 da 1970 suna nufin gidan watsa shirye-shirye na tarayya, wanda ɓangaren rediyonsa ya koma Rediyon Tarayya, wato FRCN, a ƙarshen shekarun 1970, alhali daga 1992 zuwa yau suna nufin hukumar da ke ba da lasisi da sa ido. Duba shekarar takardar kafin ka yanke wace ake nufi.

Abu na biyu da za ka riƙe shi ne cewa Kebbi jiha ce da aka cire daga Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991, kamar yadda aka cire Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, kuma Sakkwaton ma a 1976 ta fito daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma da aka ƙirƙira a 1967. Ma'anar wannan ga mai bincike ita ce farkon labarin ba a Birnin Kebbi yake ba. Duk lokacin da aka raba jiha ana raba ma'aikata da kadarori, kuma 'yan asalin sabuwar jiha sukan tattara nasu ya nasu su koma gida. Saboda haka za ka tarar da yawa daga cikin ma'aikatan farko a Sakkwato suka koyi aiki, wasu ma a Kaduna, kuma fayilolinsu na farko can suke. Ka tanadi kuɗin mota zuwa Sakkwato aƙalla sau biyu, ka ziyarci Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, in kuma hali ya yi ka isa Kaduna, inda Gidan Arewa da reshen Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa suke. A can ne ake samun tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian, kuma labarin buɗe tasha ko tallar neman ma'aikata da aka buga a jarida a makon da abin ya faru ya fi ƙarfi a matsayin hujja bisa tunanin mutum goma.

Da ka gama wannan shiri, fara da mutane, kuma fara da mafi tsufa da mafi rauni a cikinsu. Takarda tana iya jiran ka shekara guda, amma tsohon injiniyan da ya haura saba'in yana fama da hawan jini ba ka da tabbacin samun sa baɗi. Hanya mafi sauƙi ta samun sunaye ita ce ƙungiyar 'yan fansho da reshen ƙungiyar ma'aikatan rediyo da talabijin ta RATTAWU, sannan kowane mutum da ka zanta da shi ka roƙe shi ya ambata maka mutum uku da suka yi aiki tare.

Kuskuren da nake gani kullum shi ne mai bincike ya zanta da tsofaffin janar-manajoji da fitattun masu karanta labarai, ya ɗauka ya gama. Waɗannan suna da muhimmanci, amma sun saba da magana a gaban makirfo, kuma sun san abin da ya kamata a faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nemi direban da ke kai ma'aikata ɗaukar rahoto Zuru ko Yawuri ya dawo da kaset kafin lokacin labarai. Nemi mai kula da janareto, wanda zai gaya maka yawan gas da injin ke sha a dare guda da kuma ranakun da tasha ta yi shiru saboda babu shi. Nemi injiniyan da ya hau turken eriya, da mai ɗaukar hoto, da mai haɗa hoto, da akawun sashen talla, da matan da suka fara fitowa a fuskar talabijin a lokacin da ba kowane gida ne ke yarda 'yarsa ta yi wannan aiki ba. Kada ka manta da masu fassara labarai, domin Kebbi ba Hausa kaɗai ake yi ba: akwai Fulatanci, da Zabarmanci, da Dakarci da sauransu, kuma sanin wane harshe ne ya samu lokaci, minti nawa, a wace shekara, wani babi ne na kansa a tarihin jihar da ke da masarautu huɗu, wato Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru.

Yadda za ka shiga wurin dattijo yana da tasiri kan abin da za ka fito da shi. Ka aika tukuna ta hannun wanda ya sani, ka je a lokacin da ya zaɓa, galibi bayan la'asar ko da hantsi, ka riƙe ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa, ka yi sallama ka gaisa yadda ya kamata, kada ka zaro rikoda tun kafin ka zauna. In ka bayyana abin da ya kawo ka, sai ka ce, “Baba, in ka yarda zan naɗi maganarmu don kada in yi maka ƙari ko ragi,” ka kuma naɗi amincewar tasa a farkon hirar, tare da ranar da wurin. In mace ce, Hajiya ce ko Inna, ka nemi izinin maigida inda al'adar gidan ta buƙaci haka, ko ka tafi da abokiyar aiki. Tambayoyinka su zama na abin da ido ya gani. Maimakon ka tambayi irin ƙalubalen da suka fuskanta, wanda amsarsa kullum ɗaya ce, tambaye shi ranar da ya fara aiki, wa ya tarar a ofis, wace irin kyamara aka miƙa masa, nawa ne albashinsa na farko, a wane gini sitidiyo take, da ƙarfe nawa ake buɗe tasha da ƙarfe nawa ake rufewa. In kana da tsohon hoto, miƙa masa ka yi shiru. Sunaye za su riƙa zubowa da kansu.

Mutanenmu ba su cika riƙe shekara da lamba ba, da zamanin shugaba suke riƙe ta. Za a ce maka an sayo sababbin kyamarori “zamanin soja”, ko an gyara sitidiyo “lokacin Aliero”. Saboda haka ka rubuta jerin gwamnoni a bangon littafinka: Abubakar Musa daga 1992 zuwa 1993, sai shugabannin soja har 1999, sai Adamu Aliero daga 1999 zuwa 2007, Sa'idu Ɗakingari daga 2007 zuwa 2015, Atiku Bagudu daga 2015 zuwa 2023, sannan Nasir Idris. Daga nan sai ka ƙara matse lokacin da tambayar ko da damina ne ko da rani, ko kafin azumi ne ko bayan Babbar Salla, ko kafin zaɓe ne ko bayansa.

Yanzu sai batun kuɗi, wanda a ganina shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Gidan talabijin na jiha yakan tsaya ne da ƙafa biyu, wato kason da gwamnati ke ba shi da kuɗin shigar da yake samu da kansa. Na farkon za ka same shi a littattafan kasafin kuɗin jiha na kowace shekara da rahoton babban mai binciken kuɗi, ka kuma lura da bambancin abin da aka ware da abin da aka saki, domin sau da yawa tazarar da ke tsakaninsu ita ce ke bayyana dalilin da ya sa aka naɗi taron taki a kan bikin Argungu. Na biyun yana sashen talla: takardar farashin lokaci, da littattafan rasit, da yarjejeniyar ɗaukar nauyin shiri, da jerin masu bashi. Tun bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 da dokar mayar da hukumomin gwamnati kan turbar kasuwanci ta 1988, an matsa wa gidajen watsa labarai na gwamnati su nemi na kansu, har ta kai ana biyan kuɗi kafin a ɗauki rahoton taro a sa cikin labarai. Ka tambayi editocin labarai yadda wannan ya shafi aikinsu, ka kuma tambaya a natse, domin magana ce mai nauyi gare su.

Littafin rasit ɗaya na shekara guda zai nuna maka tattalin arzikin jihar baki ɗaya. Za ka ga su wane ne ke talla: dillalan taki da maganin feshi gab da damina, masu shinkafa bayan girbi, makarantu masu zaman kansu a lokacin ɗaukar ɗalibai, masu maganin gargajiya, kamfanonin waya bayan shigowar wayar hannu a 2001. Za ka ga sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure da ta naɗin sarauta da saƙonnin taya murna. Za ka ga yadda kuɗin shiga ke tashi a watan azumi, lokacin da attajirai da ƙungiyoyi ke ɗaukar nauyin tafsiri, da yadda yake tashi a shekarar zaɓe. A nan ka tambayi abin da ya wajaba a tambaya: shin jam'iyyar adawa ta taɓa kawo kuɗinta aka ƙi karɓa, ko aka karɓa ba a sa tallar ba? Ka ji ta bakin ɓangarorin biyu, kuma kada ka rubuta zargi a kan kowa sai da takarda ko shaidu biyu da ba su haɗa baki ba.

Sauran takardun da za ka nema su ne dokar da ta kafa gidan, wadda ake bugawa a gazet ɗin jiha, da lasisin NBC, da rahoton muhawarar majalisar dokoki, da jadawalin shirye-shirye na kowane zango, da littafin da ma'aikatan ɗakin watsawa ke rubuta abin da ya fita da lokacin da ya fita. In tashar ta ɗan kasuwa ce, rajistarta tana wurin Hukumar Rajistar Kamfanoni ta CAC. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta tanadi cewa hukuma ta amsa buƙata cikin kwana 7, amma shawarata ita ce ka fara da wasiƙar ladabi da ziyara, ka ajiye doka sai lallami ya gaza.

Game da kaset kuwa, ka yi taka-tsantsan, domin gaggawa tana iya hallaka abin da ya tsira shekara talatin. Za ka iya cin karo da U-matic, manyan kaset da kamfanin Sony ya fitar a 1971, da Betacam da ya biyo baya a 1982, da VHS, da ƙananan kaset na MiniDV, kuma kowanne da irin na'urarsa. Na'urorin ma suna ƙarewa, domin kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS ya daina a 2016. Zafi da laima da ƙura su ne abokan gabar kaset, kuma ƙasarmu tana da duka ukun: zafin bazara, laimar damina da ƙurar hunturu. In ka ga farin fumfuna ta tagar kaset, ko ka ji yana wari, ko zaren ya manne, kada ka sa shi a na'ura, domin zai iya tsinkewa ya kuma ɓata kan na'urar. Ware shi gefe har a samu gwani. Masu lafiya kuwa, ka fara toshe damar naɗi a jikinsu, wato ka ɓalle ɗan harshen da ke gefen VHS ko ka cire jan maɓallin da ke ƙasan U-matic, ka jera su a tsaye kamar littattafai a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika da injuna masu maganaɗisu. Ka ɗauki hoton kowane kaset da rubutun jikinsa, ka ba shi lamba, sannan a juye shi cikin kwamfuta da mafi kyawun ingancin da na'ura za ta iya, ba tare da matse shi don ya yi sauƙin turawa ta waya ba. Kuma kada ka yarda da rubutun jikin kaset sai ka kalla daga farko har ƙarshe, domin wani lokaci sabon naɗin bai cinye tsohon duka ba, sai ka tarar da mintuna masu daraja a wutsiyarsa.

Abin da gidan ya rasa, sau da yawa yana hannun jama'a. Wanda ya ɗauki nauyin shiri yakan karɓi kwafinsa, fadojin sarakuna sukan adana hotunan naɗi da hawan Salla, iyalan makaɗa da 'yan wasan kwaikwayo suna da nasu, haka ma tsofaffin masu shagon bidiyo. Ka ara, ka juye, ka mayar a ranar da ka yi alkawari tare da kwafin da mai shi zai iya kalla a wayarsa.

Akwai kuma masu kallo, waɗanda dominsu aka yi komai. Saƙon talabijin da ake kamawa da eriya ba ya tafiya nesa kamar na rediyo, tudu da nisa suna tare shi, saboda haka tashar da ke amsa sunan jiha mai ƙananan hukumomi 21 tana iya kasancewa garuruwan da ke kewaye da turkenta kaɗai ke ganin ta. Ka je Jega da Kalgo da Argungu, ka kuma je Kamba da Bagudo da Zuru, ka tambayi manya wace tasha suke kamawa a da, da wane irin dogon gora suke ɗaga eriya, ko mutanen kan iyaka suna kama Télé Sahel ta Nijar, ko akwai gidan kallo na gwamnati a garin, da gidan wa yara ke taruwa. Ka tambayi lokacin da dish ya shigo, da lokacin da tashoshin tauraron ɗan'adam masu Hausa zalla irin su Arewa24, wadda ta fara a 2014, suka janye masu kallo, sannan ka tambayi injiniyoyi yadda shirin komawa tsarin dijital, wanda aka ƙaddamar a Jos a 2016, ya shafi gidan nasu.

In ka zo rubutu, ka fara da jera abubuwan da suka faru shekara bi shekara a takarda daban, kowanne da hujjarsa a gefe. Ranar kafa tasha kanta tana iya zama uku ko huɗu: ranar da aka sa hannu kan doka, ranar da aka fara watsa shirin gwaji, ranar da aka fara shirye-shirye na yau da kullum, da ranar da gwamna ya yanke kirtani. Ka ambace su duka ka bambance su. Inda shaidu biyu suka saɓa kuma babu takarda, ka kawo maganar kowanne da sunansa in ya yarda, kada ka zaɓi wadda ta fi daɗin ji. Kafin ka buga, ka koma wurin waɗanda ka zanta da su ka karanta musu abin da ka jingina musu. Hirarrakin da ka naɗa da hotunan da ka juye kuwa, ka yi musu kwafi uku a ma'adanai daban, ɗaya ya zauna wurinka, ɗaya ka miƙa wa gidan talabijin ɗin da takardar shaidar karɓa, na ukun kuma ka kai ɗakin karatu na wata babbar makaranta, kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru ko Jami'ar Tarayya da ke Birnin Kebbi, tare da jerin abin da ke cikin kowane fayil da sunan wanda ya ba da izinin amfani da shi.